Makullan Baba Sallau

Ku da kuka zauna a gidan nan kun sani, ba a ganin Sallau sai an fara jin sa. Tun yana kwanar masallaci za ka ji kacau-kacau, kacau-kacau, kamar mai tallan cokula. Makullai ne tuli guda a igiyar da ya rataya a wuya ya cusa a aljihun gaba, har rigar ta karkace gefe ɗaya. Hannun dama kuma rediyo ce manne da kunne. Da an ce shugaban ƙasa ya naɗa wane, ya sauke wane, ya rufe iyaka, ko ya yi magana ɗaya kuɗin mai ya tashi, sai ya tsaya cak a tsakar gida, ya kalli duk wanda tsautsayi ya kawo kusa, ya ce, "Wa ya ba shi?"

In kana da wayo ka yi kamar ba ka ji ba. In ka amsa kuwa, tuwonka ya huce ke nan.

Don baƙin da suka zo mana sadakar arba'in ɗin nan daga Kudenda da Unguwar Boro, ni ce Talatu mai wainar ƙofar gida. Ubana da uwar Sallau ciki ɗaya suka fito. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, kun ga taubashina ne, bawana halak malak. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa yau ina da izini, kuma na faɗa masa wanda ya fi shi zafi yana raye. Kada wani ya harare ni.

Karatunsa guda ɗaya ne, na haddace shi tun ina da haƙoran gaba. Wai lokacin da ya sauka Kakuri da akwatin ƙarfe ya kama aikin masaƙa, shugaban ƙasa ado ne kawai, a gaishe shi a ɗauki hoto. Firayim minista ke aiki, shi ma ɗin sai ya lallaɓa manyan yankuna, don Kadunan nan da kuke gani ita ke yanke wa Arewa hukunci ba sai ta leƙa Legas ba. Sai sojoji suka zo da dokar soja, suka yayyanka yankunan ƙanana-ƙanana, suka kwashe komai suka tara a tsakiya, kuɗin mai ya zo ya zauna a kan tarin. Da za su koma bariki ba su mayar wa kowa kayansa ba, suka miƙa wa farar hula abin a dunƙule.

"Kowa ya zo sai ya ce na wucin gadi ne, ana cikin matsala," in ji shi. "Matsala ta wuce, ikon bai wuce ba. Yau ɗan sandan da ke tsaye a shataletale ko gwamna bai isa ya juya shi ba. To ni tambayata, Talatu, wa ya ba shi?"

Na ce tsarin mulki. Ya ce wa ya rubuta tsarin mulkin? Na ce Sallau, wainata na ƙonewa.

To wannan mutumin mai wannan baki, shi Allah ya jarabta da mulki a gidan hayar nan namu, ya ƙare rayuwarsa yana neman hanyar sauka.

Da rijiya aka fara. Ɗan akuyar wani ya faɗa ciki, muka ce yau akuya, gobe ɗan mutum. Oga Emeka, makanikenmu mai ɗakin kusa da zaure, ya yo waldar murfin ƙarfe daga garejinsa ya sa kwaɗo. Sai kuma rigimar wa zai riƙe makulli. Dole a sami wanda ba ya zuwa ko'ina. A lokacin masaƙa ta rufe, matar Sallau ta rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, shi da rediyonsa ne kawai a kan benci daga safe har yamma. Maman Bulus, tsohuwar nas ɗinmu 'yar Kudancin Kaduna, ita ta ce a ba Baba. Ya yi ta noƙewa, daga baya ya gindaya sharaɗi: makulli ɗaya tal, daga wannan damina zuwa ta gaba, kuma kada wanda ya laƙaba masa wani suna. Kafin ya rufe baki Emeka ya ɗaga hannu sama ya ce, "Firesido!" Wai shugaban ƙasa. Sunan bai sake shi ba har ya koma ga Allah.

Makulli na biyu ya zo ne a shekarar da gari ya rikice. Ba sai na tuna muku ba, kowa a nan yana da abin da ya gani. Aka sa dokar hana fita, mu kuma gida a cakuɗe, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci bango ɗaya ya raba su. Muka yarda a kulle ƙofar waje, makulli ya zauna wurin wanda kowane ɓangare ya amince da shi. Kowa ya juya ya kalli benci. Sallau ya miƙa hannu ya ce to, amma na wucin gadi ne, saboda ana cikin matsala.

Na ce, "A'a! Bawana, yaushe ka shiga soja?"

Harara kawai ya yi mini. Amma fa gaskiya ɗaya zan faɗa, ya riƙe ƙofar nan. Ya jawo bencinsa cikin zaure ya zauna, duk wanda ya buga ya tambayi su wa ke cikin gidan, amsa ɗaya yake ba shi ta ramin ƙofa: "'Yan haya." A sake tambaya da tsawa, ya sake cewa 'yan haya, ya ƙara muryar rediyo. Babu wanda aka taɓa a gidan nan. Da gari ya lafa ya ɗauko makullin ya bi ɗaki-ɗaki yana neman mai karɓa. Kowa ya ɓoye hannu a baya, wai ai ya dace da shi.

Daga nan abin ya ɓalle. Aka yi faɗa a kan mai jona hita yana cinye wa mutane wuta, aka kulle akwatin mita, makulli wurin Baba. Aka gyara bayan gida, makulli wurin Baba. Emeka zai tafi gida Kirsimeti, makullin ɗakinsa wurin Baba. Mai tafiya Hajji, mai tafiya jinya, mai tafiya yaji, kowa wurin Baba. Da makullai suka taru sai shari'a ta biyo su, don in mutum na riƙe da ƙofarka ai shi za ka kai wa kuka. Igiyar shanya ma sai da ya raba ta ranaku. Wata amarya ta taɓa kawo masa cokalin miya ya ɗanɗana, ya yanke hukunci tsakaninta da mijinta ko gishiri ya yi yawa.

Kuma da iko ya ƙaru sai laifi ya ƙaru. A ɗauke wuta a duk Kakuri, sai ka ji mata ta taga suna cewa, Baba ina wuta? Damina ta yi jinkiri, Baba me ake ciki? Ɗan wata ya faɗi jarrabawa, ta zo ta tsaya masa a ka, wai da ya hana kallon ƙwallo a zaure da yaron ya yi karatu. Ya ce shi ya rubuta jarrabawar? Ta ce to waye Firesido?

Duk wannan da guna-guni yake ɗauka, har wata Juma'a da ya dawo daga masallaci fuskarsa ta sauya. Ko rediyon bai kunna ba. Ya zauna gefen tandata ya ce liman ya yi huɗuba a kan shugabanci, ya ce duk wanda aka ɗora wa jagoranci, ko na mutum biyu ne, sai an tsayar da shi ranar gobe an tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro igiyar nan daga aljihu ya riƙe ta a gabana.

"Kowane ɗaya a nan tambaya ce, Talatu. Ni nawa zunubin ya ishe ni. Ba zan shiga kabari da makullan mutane a wuya ba."

Na yi masa dariya a ranar, na ce a haƙa masa kabari mai aljihu. Amma na ga tsoron nan da gaske ne, kuma daga ranar bai sake barin sa ba.

Dabararsa ta farko zaɓe. Ya kira taron gida ya ce wa'adinsa ya ƙare tun damina ta farko, duk abin da ya biyo baya tazarce ne, kuma shi bai taɓa goyon bayan tazarce ba. Ya ce a yi karɓa-karɓa, Musulmi ya yi, yanzu lokacin Kirista ne, ya tsayar da Emeka takara ko shawararsa bai nema ba. Sannan ya shiga kamfe. Ban taɓa ganin irinsa ba, ɗan takara yana bin ɗaki-ɗaki yana ɓata kansa. Ya ce shi mai mantuwa ne, kunnensa ɗaya ba ya ji, ya taɓa barin ƙofar waje a buɗe ya tafi shayi, kuma a shari'ar gishiri son kai ya yi don mijin na sayo masa batir. Ya zo wurina ya ce in taimaka, tunda a ɓata suna babu kamata a Kakuri. Na yi aikin tsakani da Allah. Duk mai sayen waina sai na ƙara masa da gyaran aibin Sallau. Sai su kwashe da dariya su ce wasan taubasai ne.

Ranar zaɓe aka ce ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, Maman Bulus ce baturiyar zaɓe. 'Yan takara biyu suka tsaya a bakin rijiya. Ana cewa a fara, Sallau ya bar wurinsa ya je ya tsaya a bayan Emeka. Gida kaf ya taso ya jeru a bayan Sallau. Emeka ya waiwaya ya ga layi har zaure, ya gane abin da ke shirin faɗa masa, ya zame ya ruga can ƙarshen layi ya tsaya. Sallau ya ɗago kai ya ga babu kowa a gabansa. Ya tattare riga ya nufi ƙarshen layi don ya koma bayan Emeka, layi ya lanƙwaso ya bi shi. Haka muka yi ta zagaya rijiya, tsoho a gaba yana kacau-kacau, manya da yara a baya, ni ma ina ciki da ludayin ƙullu a hannu. Sai da jiri ya fara ɗibar Maman Bulus ta ɗaga hannu ta ce Baba ya lashe ba hamayya.

Ya tsaya yana haki ya ce maguɗi ne, bai yarda ba, ƙara zai kai.

Na ce, "Ka kai wa wa? Duk ƙarar gidan nan wurin wa ake kai ta?"

Ya zauna a kan murfin rijiya. Emeka ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba ka yi haƙuri. Ni in na kulle rijiya rana ɗaya, za a ce ɗan Ibo ya hana mu ruwa. Kai in ka kulle, sai a ce Baba ya san dalili." Ya zaro makullin sabon ɗakin ajiyar da ya gina a bayan gida ya ɗora masa a cinya, wai na murnar cin zaɓe.

Wannan maganar ta Emeka ita ta ba shi dabara ta biyu. Tunda ba a kayar da shi ba, to a tsige shi. Ya same ni a asirce ya ce zai yi zalunci, zaluncin da ba mai iya haɗiyewa. Zai kulle rijiya ranar Asabar, ranar wankin kowa da kowa, ya tafi da makulli Unguwar Boro wurin wani tsohon abokin aikinsa na masaƙa, ba zai dawo ba sai la'asar. Ni kuma aikina in zuga mata, in kawo ƙudurin tsigewa. Na ce wannan aikin ko kyauta zan yi shi.

An kwana ana ruwa ranar Juma'ar. Asabar da safe ya kulle abinsa ya hau Keke ya tafi. Mata suka fito da bahuna da tulin kayan makaranta, babu ruwa, babu Baba. Na shiga tsakani ina hura wuta. Na ce kun gani ko, ai dama na faɗa muku, mulki ya hau masa kai, gobe numfashi zai kulle. Kafin azahar gida ya nuna. Maman Bulus da ba ta ɗaga murya sai da ta ce wannan mulkin kama-karya ne. Aka aika gareji aka kira Emeka, ya zo da zarto ya yanke kwaɗo. Yana ɗaga murfi muka watse kowa hannu a hanci. Ashe sokawen gidan bayanmu, ramin bayan gidansu, ya fashe da ruwan daren jiya, ya tsiyayo cikin rijiya. Maman Bulus ta leƙa ta ja da baya ta ce da yara sun sha ruwan nan da safe, da yanzu amai da gudawa ya kwantar da rabin gidan.

La'asar ta yi sai ga kacau-kacau a hankali, yana tafe yana murmushi, har jawabin bankwana ya shiryo a hanya. Yana sa ƙafa a zaure guɗa ta tashi. Emeka ya sungume shi sama kamar buhun gari. Wata ta ce Baba yana da gani, wata ta ce dama tun rikici ta san ba mutum ne kawai ba. Mai gidan da ke zaune a Abuja ya ji labari ya aiko aka haƙa burtsatse, kuma ba sai na gaya muku inda makullin famfon ya tafi ba. Ga na sabon kwaɗon rijiya a kai.

Ya zo ya zauna gefen tandata kamar wanda aka yi wa sata. Ya ce, "Talatu, ke shaida ce, wallahi mugunta na yi niyya."

Na ce, "Ko muguntar ma ba ka iya ba, bawan banza."

Yanzu zan zo kan zakara, kuma Maman Bulus ki yi haƙuri, na san kin ce a bar maganar. Tana da wani jan zakara da take kiwo tun yana ɗan tsako, tana ajiye da shi don ranar da Bulus zai dawo daga aikin da aka tura shi nesa. Zakaran nan ba shi da agogo, tsakar rana ma cara yake. Wata rana Sallau na sauraron labarai, daidai inda za a faɗi abin da shugaban ƙasa ya yi, zakara ya hau bencin ya saki cara a kunnensa mai ji. Sallau ya kore shi da hula ya ce, "Kai, zakaran nan ya ishe mu a gidan nan." Shi ke nan abin da ya faɗa. Da kansa ma yake magana. Ya tashi ya tafi azahar.

Kafin ya dawo samarin gida sun kama zakara sun yanka sun fige. Da na tare su na ce wa ya sa ku, suka ce Firesido ya ce.

Maman Bulus ta dawo daga kasuwa ta tarar da gashin a bakin kwata. Sallau ya je ƙofarta ya cire hula, tsoho da furfura, yana rantsuwa shi bai ce a yanka ba, yana ba ta haƙuri. Da ta yi faɗa da ya ji sanyi. Sai ta share ido da bakin zani ta ce, "Ba komai Baba. Tunda kai ka ce."

Na sha ganin Sallau cikin fushi, ban taɓa ganin an kashe masa jiki irin na ranar ba. Ya koma benci ya ɗinke bakinsa. Kwana da kwanaki in ban da sallama ba ya furta komai, wai kada ya yi tari a ce doka ce. Kuna tsammanin ya tsira? Ina! Sai aka koma fassara shirun. Mai son kafa teburin kayan miya a zaure ya tambaye shi, ya yi shiru, aka ce bai yarda ba. Mai son ƙara igiyar shanya ta tambaya, ya sosa kunne, aka ce ya amince. Ya yi atishawa yana fuskantar ɗakin wani gwauro, kafin yamma aka fara raɗe-raɗin za a tashe shi.

Ana cikin haka na kai masa koko wata safiya, rediyo na magana, aka ce shugaban ƙasa ya ba da umarnin kaza. Na tsaya ina jiran tambayar nan tamu ta kullum. Sai ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Mu ne, Talatu," ya ce. "Mu muka ba shi. Kowa ya gaji da ɗaukar nasa sai ya kai masa, ya dawo gida ya miƙe ƙafa ya samu wanda zai zaga. Shi kuma igiya tana nauyi, tun yana cewa a'a har ya saba. Ni da ba na so ma ga zakara a wuyana. Ina ga mai so?"

Ban tsokane shi ba a ranar. Na dai ce ya sha kokon kafin ya huce.

Da ciwon ajali ya kama shi bayan Babbar Sallah, ya rame har igiyar ta fi ƙarfin wuyansa, amma ya ƙi a cire, wai amana ce ba a ajiye ta a ƙarƙashin filo. Wata Asabar da hantsi ya sa aka ɗauko shi aka fito da shi tsakar gida a kan tabarma, aka tara kowa. Ya ce a zo a karɓi makullai. Nan fa aka fara irin tamu. Wannan ya ce haba Baba, ka riƙe har ka warke. Wancan ya ce ai ba mu da kamarka. Mata suka fara sharɓe. Emeka ya maida hannu baya kamar yadda ya saba. Na kalli Sallau na ga idonsa ya cika da tsoron nan na ranar Juma'a, yana kallon hannaye babu mai miƙowa. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan wanke su tas, ya ɗaga mini yatsa.

Ya ce a tayar da shi zaune. Ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na murya ya ce, "Ba kun ce in na faɗa an yi ba? Zakara ma da ban ce ba kun yanka. To yau na ce. Tun da kuka ɗora mini abin nan ban taɓa ba da umarni ba, wannan ne na farko, shi ne na ƙarshe. Kowa ya zo ya ɗauki kayansa."

Maman Bulus ce ta fara tasowa. Ta durƙusa ta kwance masa ƙullin igiyar, don yatsunsa sun kasa. Ya riƙa zarowa ɗaya-ɗaya, kuma duk mantuwar da ya yi kamfe da ita, babu wanda ya ɓace masa. Na mita ya ba Emeka. Na famfo ya ba Maman Bulus. Na ƙofar waje ya ce a kai kasuwa a yanko wa kowane ɗaki nasa. Na ɗakunan mutane kowa ya amshi abinsa, har da na wata da ta tafi yaji tuntuni ta yi aure a Sabon Tasha, ya ce a kai mata. Doka ɗaya ya kafa, kada mutum ɗaya ya riƙe makullan jama'a biyu. Duk wanda ya karɓa sai ya riƙe hannunsa ya ce ya yafe masa, sai ya ji amsa da kunnensa mai ji sannan ya saki.

Na ƙarshe na rijiya ne, wanda aka fara da shi. Ya miƙo mini. Na ce ni uwargijiyarka za ka ɗora wa aiki? Ya ce ai shi ya sa, ya san bakina ba zai bari a so ni har a ƙara mini wani ba. Aka yi dariya ana hawaye. Ya ɗaga igiyar babu komai a jikinta, ya girgiza ta kusa da kunnensa, bai ji komai ba. Ya koma ya kwanta ya ce Alhamdu lillahi. Bai ƙara mako ba.

To ga abin da ya sa na tsayar da ku da dogon surutu shinkafa na hucewa. Arba'in ɗin nan ba ta cika ba, mutum uku sun zo mini da makulli. Wai Iya Talatu tunda kina ƙofar gida kullum, ɗan riƙe mana na wucin gadi. Emeka, kada ka sunkuyar da kai, kai ne na farko. Wallahi har na miƙa hannu, don abin da daɗi a ce kai aka yarda da kai. Sai na ji kamar daga kan bencin can an ce, wa ya ba ki? Saboda haka duk wanda ya zo yau da makulli a aljihu da niyyar ya bar mini, ya koma da abinsa. Ɗaya aka ba ni, daga wannan damina zuwa ta gaba.

Waɗanda suka yi masa wanka sun ce sun ga sawun igiyar a bayan wuyansa, wurin ya yi kanta. Ni ban gani ba. Abin da na gani shi ne lokacin da aka ɗauko makara aka ratsa tsakar gida da shi, aka bi ta gefen rijiya, aka shiga zaure. Ina tsaye a bakin ƙofata ina kasa kunne, ni da kaina ban san me nake jira ba. Sai da suka fice na gane. Tun da aka sa wa rijiyar nan murfi, ranar ce ta farko da Sallau ya fita ƙofar gidan nan ban ji kacau-kacau ba. Nan ne na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi wa kowa ba tun rasuwar ubana. Ina kewar bawana, jama'a. Ba ni da wanda zan zaga da safe.

Allah ka ga ya mayar wa kowa kayansa kafin ya zo gare ka. Ka sauƙaƙa masa tambaya, ka yafe masa zakara, ka haskaka kabarinsa. Ka buɗe masa ƙofar rahamarka ya shiga da wuya sake, ya samu benci a inuwa ya huta, kada a ba shi ajiyar makullin ko na wucin gadi. Amin.